Shafin ya cika da kalmomi amma masu saye ba su zuwa: ina haɗin sauƙin amfani da matsayi a Google?

Tambayar ta fito daga wani Alhaji da ke sarin shinkafa a Birnin Kebbi. Ya biya an buɗe masa shafin intanet, ya sake biyan wani matashi ya yi masa abin da ake kira SEO domin shafin ya riƙa fitowa a sama idan an yi bincike a Google. Watanni sun shuɗe, shiru kake ji. Yanzu kuma wani ya ce masa ba kalmomi ne matsalar ba, shafin ne ya yi nauyi yana wahalar da mai shiga, don haka sai an rushe an sake gini. Yana so ya san mene ne haɗin jin daɗin mai shiga shafi da matsayin da Google ke ba shafin, kuma wanne ya kamata ya fara zuba wa kuɗi.

Alhaji, ranka ya daɗe, haɗin yana nan, sai dai kowanne daga cikin mutanen nan biyu ya faɗa maka ɓangaren da zai sa ka ba shi aiki ne. Kai da ka daɗe a kasuwa ka san halin dillali. Idan baƙo ya sauka daga Ibadan yana neman tirela guda ta gyararriyar shinkafa, dillali zai kai shi wurin wanda ya tabbatar yana da kayan. Wannan shi ne na farko, kuma babu abin da ke maye gurbinsa. Amma in ya kai baƙi sau ɗaya, sau biyu, suna dawowa suna cewa an bar su tsaye a rana, ba a ma faɗa musu farashi ba, to gobe wani shagon zai nufa da su, domin nasa mutuncin yake karewa. Google ma haka yake. Cinikinsa shi ne mutum ya tambaya, ya samu amsa, ya dawo gobe ya sake tambaya.

Aikin da matashin farko ya yi maka tsohon yayi ne. Na ga a ƙasan shafin an jera "shinkafar Kebbi, shinkafa mai arha, shinkafa Birnin Kebbi, shinkafa Argungu, shinkafa Jega" da Hausa da Turanci, layi bayan layi, da ƙananan baƙaƙen da ido ba ya iya karantawa. An yi zamanin da wannan dabara ke ci. Tun 2009 Google ya sanar cewa ba ya duba jerin kalmomin da ake ɓoyewa a kan shafi domin injin bincike. A 2011 ya fito da sauyin da aka sa wa suna Panda, wanda ya kayar da shafukan da ba su da wani abin kirki a ciki. A 2012 Penguin ya biyo baya, ya bi ta kan masu sayen mahaɗan bogi, wato links da ake biya a sa a wasu shafuka su nuno naka, da masu cusa kalmomi. Yau cusa kalma yana cikin abubuwan da ƙa'idojin Google suka lissafa a matsayin maguɗi. Wannan jerin a goge shi yau, ba sai an jira wani gyara ba.

Na biyun ya fi kusa da gaskiya. Google ya daɗe yana shigar da jin daɗin mai amfani cikin lissafinsa, kaɗan-kaɗan. A 2010 ya ce saurin buɗewar shafi yana cikin abin da yake dubawa. A 2014 ya ƙara da tsaron shafi, wato adireshin ya fara da https, kuma daga 2018 burauzar Chrome ta fara yi wa shafin da ba shi da wannan tsaro tambarin gargaɗi. A watan Afrilun 2015 ya fara fifita shafukan da ke zama daidai a fuskar waya. A farkon 2017 ya fara rage wa shafukan da ke tare mai shiga da babban allon talla kafin ya ga abin da ya zo nema. Sannan ya juya tsarinsa gaba ɗaya: abin da ya gani a shafin waya shi yake ajiyewa ya yi hukunci da shi, ba na kwamfuta ba. Wannan na ƙarshe mutane da yawa ba su gane nauyinsa ba. In mai gina shafi ya nuna maka aikinsa a babbar kwamfutar ofis, komai tsaf, amma a waya an ɓoye rabin bayanin don wuri ya isa, to a wurin Google wannan rabin kamar babu shi.

A 2020 ya sanar da ma'aunai uku da ya kira Core Web Vitals, suka fara aiki a sakamakon bincike a 2021. Su ne mai gyaran zai riƙa ambata maka, gara ka san su kada a ruɗe ka da gajerun haruffa. LCP yana auna tsawon lokacin da babban abin da ke fuskar shafi, hoto ne ko rubutu, ke ɗauka kafin ya bayyana, kuma ana so kada ya wuce daƙiƙa 2.5. INP, wanda ya maye gurbin wani tsohon ma'auni a watan Maris na 2024, yana auna jinkirin da ake samu tsakanin taɓa madanni da motsawar shafi, ana so kada ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. CLS yana auna yadda abubuwa ke zamewa daga wurinsu yayin da shafi ke buɗewa, ana so kada makinsa ya haura 0.1. Kuma ba a wayar mai gina shafin ake aunawa ba. Ana tattaro alƙaluman daga ainihin mutanen da suka shiga da Chrome a cikin kwana 28, ana so kashi 75 cikin 100 na shigowar su cika sharaɗin.

To amma nawa ne nauyin waɗannan ma'aunai a sikelin Google? Nan ne nake rabuwa da mai cewa a rushe a sake gini. Google da kansa ya bayyana cewa shafin da ya fi amsa tambayar mutum zai iya zuwa gaba ko da buɗewarsa ba ta da daɗi, kuma sauri ya fi yin tasiri idan shafuka da yawa sun yi kunnen doki wajen amsar. Shafi mai saurin walƙiya wanda bai faɗi nau'in shinkafar da kake da ita ba, bai faɗi nauyin buhu ba, bai faɗi yadda ake lodi zuwa Legas ba, ba zai hau ko'ina ba. Duk wanda ya yi maka alkawarin cewa gyaran sauri kaɗai zai kai ka layin farko, yana sayar maka da abin da ba shi da shi.

Babban tasirin yana bi ta bayan gida ne. A shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da Google a 2023, wadda alƙali Amit Mehta ya yanke hukuncinta a watan Agustan 2024, wani babban jami'in sashen bincike na kamfanin, Pandu Nayak, ya ba da shaida a kan wani tsari mai suna Navboost. Tsarin yana riƙe bayanan abin da mutane suka danna a sakamakon bincike na tsawon wata 13, kuma yana cikin manyan abubuwan da ke gyara jerin. Masu wannan sana'a sun daɗe suna zargin haka, shari'ar ta fito da shi fili. Ka haɗa wannan da abin da kowa ya sani: mutumin da ya danna shafinka, ya zauna yana kallon farin allo, ya gaji ya koma ya danna na maƙwabcinka, ba zai sake zaɓarka ba, ba zai tura wa abokinsa adireshinka a WhatsApp ba, ba zai rubuta sunan shagonka a akwatin bincike ba, kuma babu wata jarida ko ƙungiyar 'yan kasuwa da za ta sa mahaɗi zuwa gare ka. Irin waɗannan alamun ne ke tara wa shafi daraja a hankali. Ko ma a ajiye Google gefe, wannan mutumin kuɗi ne ya zo har ƙofa ya juya.

Na buɗe shafin naka a ƙaramar waya, irin wadda direban tirela ko yaron shago ke riƙewa, da datar waya, ba da intanet ɗin ofis ba. Abin da ya fara tare ni hotuna ne masu juyawa a sama, na buhuna a sito, da na fadama, da na gaban shago. An ɗora su yadda kyamara ta ɗauke su, ba a rage musu nauyi ba, alhali fuskar wayar ba ta kai tafin hannu ba. Lissafin mai sauƙi ne. In nauyin shafi ya kai megabait 5, sabis kuma yana ba da megabit ɗaya a daƙiƙa, kamar yadda yakan faru idan mutum ya bar gari ya nufi ƙauyukan Suru ko Augie, sai an yi daƙiƙa 40 kafin komai ya sauka, domin megabait ɗaya megabit takwas ne. Wa zai jira? Ga kuma tsadar data, tun da hukumar kula da sadarwa ta NCC ta amince a watan Janairun 2025 kamfanonin waya su ƙara kuɗi har zuwa kashi 50 cikin 100. Mutum yana ganin shafi na zuƙe masa data zai rufe. Waɗannan hotunan in aka rage faɗinsu aka mayar da su tsarin WebP, wani salon ajiye hoto marar nauyi, kowanne zai iya dawowa ƙasa da kilobait 100 ba tare da ido ya ga bambanci a waya ba. Hoto ɗaya mai kyau ya isa a sama. Masu juyawar a cire su, mai saye ba kallo ya zo ba.

Da rubutun ya fito, na kai yatsa zan taɓa "Farashi", sai wani hoto ya faɗo daga sama ya ture komai ƙasa, yatsana ya sauka a kan "Tarihinmu". Wannan shi ne CLS ɗin da na ambata, kuma maganinsa bai wuce a faɗa wa burauza tsawo da faɗin kowane hoto tun farko ba, don ta tanadar masa wuri.

Amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne shafin farashin kansa. Takardar talla ce aka zana, aka ɗora ta a matsayin hoto guda: nau'o'in shinkafa, kilo, farashi, lambar waya, duk a cikin hoton. A nan ne za ka ga yadda buƙatar mutum da ta injin bincike suka zama abu ɗaya. Mai saye sai ya ja hoton da yatsu biyu kafin ya karanta, ba zai iya taɓa lambar ta kira ba, sai ya nemi biro ko ya haddace. Makaho mai amfani da manhajar karanta allo bai san akwai komai a wurin ba. Googlebot kuma, manhajar da ke zagaye shafuka tana karantawa, rubutu take nema, ta iso ta tarar da shafin da babu jimla ko ɗaya. Wato bayanin da ya fi kowanne daraja a shafin naka, wanda mutane ke rubutawa a bincike, shi aka kulle a inda ba a dogara da shi. An cika ƙasan shafi da kalmomin da ba mai karantawa, an bar ainihin amsar a hoto. In aka rubuta wannan jadawalin da rubutu na gaske, da ranar da aka sabunta farashin, aka mayar da lambar waya ta zama abin taɓawa, aka sa madannin WhatsApp babba wanda yatsa ba zai kuskure ba, an yi wa mai saye aiki kuma an yi SEO a lokaci guda, da kuɗi ɗaya.

Haka sauran abubuwan suke in ka bi su. Taken shafi da ke faɗin abin da ke ciki, shi mutum ke gani a sakamakon bincike kafin ya yanke shawarar dannawa. Naka an rubuta "Home" ne kawai. Kanun da ke raba bayani suna taimaka wa mai sauri ya tsallaka zuwa abin da yake so, suna kuma nuna wa Google tsarin maganar. Mahaɗi daga wannan shafi zuwa wancan hanya ce ga mutum, kuma ta nan Googlebot ke bi ya gano sauran shafukan. Ka sa a yi wa kowace babbar tambaya shafinta: gyararriya marar tsakuwa, shanshera ga masu injin casa, yadda ake lodi da biyan kuɗin mota zuwa kudu, mafi ƙarancin buhunan da kake sayarwa a sari. Tambayoyin da ake yi maka a waya kullum har ka gaji da amsawa, su ne abin rubutawa. Kebbi ta riga ta yi suna a shinkafa, tun ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a jihar a 2015 da shinkafar Lake Rice ta haɗin gwiwa da Legas a 2016, don haka akwai masu neman mai kaya daga nan. Abin da ba su cika samu ba shi ne shafin da zai yi musu bayani kamar yadda kai za ka yi in sun zauna a shagonka.

Maganar harshe ma tana ciki. Mai saye daga Onica ko Legas da Turanci zai yi bincike, na Gusau ko Kamba ko ƙetaren iyaka a Nijar zai iya yi da Hausa. Kada a cakuɗa su a shafi ɗaya, jimla Hausa jimla Turanci. A yi wa kowane harshe shafinsa, a sa alamar da ke faɗa wa burauza da Google harshen da aka yi rubutun da shi. Rubutun kasuwanci da Hausa bai yi yawa a intanet ba, saboda haka gasar ba ta da zafi a wannan ɓangaren. A kuma duba salon baƙaƙen da aka zaɓa. Da yawa daga cikin masu ƙyale-ƙyale ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai ka ga harafin ya fito daban da 'yan'uwansa ko ya zama ɗan akwati. Amfani da baƙaƙen da ke cikin wayar tun asali ya fi sauƙi, kuma yana rage abin da za a sauke.

Akwai tarkon da nake so ka kauce masa. Mai gyara zai buɗe maka PageSpeed Insights, wato ma'aunin saurin shafi na Google, ya nuna maka maki ja, ya ce zai kai shi 100. Wannan makin na gwaji ne, inji ne ke kwaikwayon matsakaiciyar waya a kan sabis mai rauni, kuma yakan canza daga gwaji zuwa gwaji. Yana da amfani wajen gano abin da ke jawo nauyi, amma ba shi Google ke sawa a sikeli ba. Alƙaluman mutane na gaske yake dubawa, kuma ƙaramin shafi irin naka sau da yawa bai tara masu shiga da za su isa a fitar masa da su ba. Ƙari a kan haka, masu shiga da Opera Mini, waɗanda ba kaɗan ba ne a wajenmu, ba sa cikin wannan ƙidayar. Saboda haka kada ka biya kuɗi don a tashi daga 85 zuwa 100. Gwajin da na fi yarda da shi shi ne ka miƙa wa wani yaron kasuwa wayarsa, wanda bai taɓa ganin shafin ba, ka ce ya nemo farashin buhu mai kilo 50 ya kira shago. Kada ka taimaka masa, ka tsaya kana kallon inda yatsansa ya tsaya yana shakka. Gani ya kori ji.

Wani abin da ba a faɗa maka ba, mai neman "shinkafa kusa da ni" ko mai rubuta sunan gari, abin da ke fara fito masa taswira ce da jerin shaguna, kuma wannan daga Google Business Profile, wato rajistar bayanan shago a Google, yake fitowa, ba daga shafinka kai tsaye ba. Kyauta ake buɗe shi. Google ya ce abu uku yake dubawa a nan: dacewa da abin da aka nema, nisa, da shahara. A sa adireshi daidai, da lokutan buɗewa na gaskiya har da yadda kuke yi ranar Juma'a, da hotunan shagon, kuma lambar wayar ta zama iri ɗaya da ta shafin. Ka roƙi abokan cinikinka na gaske su rubuta ra'ayinsu. Na saye kuwa a bar shi, ana gano shi a goge.

Game da inda kuɗi zai fara zuwa, ban ga dalilin rushe shafin ba tukuna. Da yawa daga irin waɗannan shafuka a kan WordPress, manhajar gina shafuka, aka gina su, kuma nauyin yakan fito ne daga hotuna da tarin ƙananan manhajojin da aka liƙa ba a amfani da su. A fara da mayar da farashi da bayanin kaya rubutu, a goge jerin kalmomin nan, a gyara take, a rage hotuna, a cire abin da ba a buƙata, a tabbatar da https, wanda ana samun takardar shaidarsa kyauta daga Let's Encrypt, don haka kada a caje ka wani babban kuɗi a kansa. Wannan aikin kwanaki ne, ba na watanni ba. Sai in bayan haka shafin yana nan da nauyinsa, sannan a duba sabar da aka ajiye shi ko ƙirar da aka ɗora shi a kai, a yi maganar sabon gini.

Kafin a taɓa komai, ka sa a haɗa shafin da Google Search Console, kuma da imel ɗinka za a buɗe, ba na mai gyara ba. Haka ma sunan adireshin shafin, a tabbatar da sunanka aka yi rajistarsa, domin an sha ganin ɗan kasuwa ya saɓa da wanda ya gina masa shafi ya tarar ba shi da mabuɗin komai. Search Console zai nuna maka ko Google ya ma ajiye shafukanka a ma'ajiyarsa, da kalmomin da mutane suka rubuta har ka fito, da sau nawa aka gan ka, da sau nawa aka danna, kuma yana riƙe bayanan wata 16. In ana ganinka ba a dannawa, take da ɗan bayanin da ke ƙarƙashinsa ne ke da matsala. In ana dannawa amma waya ba ta ƙara, matsalar tana cikin shafin. In ba a ganinka sam, to ko ba a ajiye shafin ba, ko babu rubutun da ya amsa abin da ake nema. Kowanne da maganinsa, kuma da wannan za ka riƙa tambayar mai aikin a ƙarshen wata, maimakon ya turo maka hoton wayarsa yana nuna ka fito na ɗaya bayan ya rubuta cikakken sunan shagonka.

Sakamakon ba ya zuwa a mako guda. Google sai ya sake zagayowa ya karanta, alƙaluman sauri kuma na kwana 28 ne, sauran tasirin yakan ɗauki watanni. In kana son shafin ya yi maka aiki lokacin da shinkafar rani ta fara shigowa kasuwa, to tun ana dashe ya kamata a gama gyaran, kuma a ɗora wa mutum ɗaya a shago alhakin sabunta farashin duk ranar da ya motsa.